Sabuwar rauta, intanet na gudu, gem ya ƙi haɗuwa: nazarin matsalar wani gida a Kano

Gidan wana ne a Tarauni, kuma tsarin intanet ɗinsa irin wanda ake gani ne a gidaje da yawa tun da faiba ta fara shiga unguwanni. Kamfani ya jawo zarensa har falo, ya kafe wani farin akwati a bango bayan talabijin. Daga akwatin nan kebul ya bi ta silin ya sauka a baranda, inda aka ajiye rauta, wato na'urar da take raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida, domin waifai ɗin akwatin ba ya kaiwa shagon samari da ke bakin ƙofa. A shagon ne ɗan wan nawa yake ajiye PlayStation 4 ɗinsa, samfurin farko na 2013, da ya saya ta hannu. An daɗe ana amfani da tsarin a haka, ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka haɗa shi. Da wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone rautar baranda, sai Yaya ya je Farm Centre ya sayo sabuwa, wadda ta fi tsohuwar ta kowace fuska, ya haɗa ta kamar yadda hoton jikin kwalin ya nuna: kebul ɗin da ya taho daga akwatin kamfani ya shiga shuɗin ramin da aka rubuta WAN, wato ramin da intanet yake shigowa daga waje.

Kowa a gidan ya yaba. Bidiyo ba ya tsayawa, kiran WhatsApp tangaran, waifai yana kaiwa har gareji. Yaron ne kaɗai yake cewa tun da aka canza rauta gem ɗinsa ya lalace, kuma maganar ba ta yi wa mahaifinsa daɗi ba, don a ganinsa ya kashe kuɗi ya kawo abu mai kyau, ga shaida a wayar kowa, amma ana yi masa ƙorafi. Lokacin da maganar ta iso gare ni, Yaya yana tsakanin shawara biyu: ko ya mayar da rautar kasuwa, ko ya koma tsarin biyan kuɗi mai tsada don a ƙara masa gudu. Na roƙe shi kada ya yi ko ɗaya tukuna. Dukansu kuɗi za su ci, kuma babu wanda zai taɓa inda ciwon yake.

Akwai cikas na farko da suka riga suka tsallake kafin in zo. Da farko na'urar ta ƙi shiga waifai ɗin gaba ɗaya. Sabuwar rautar ta zo da tsarin tsaro na WPA3 gauraye da WPA2, shi kuwa WPA3 a 2018 ya fito, shekara biyar bayan an ƙera wannan PlayStation, kuma tsofaffin na'urori sukan yi gardama da gaurayen. Mai shagon da ya sayar da rautar ya gaya musu ta waya su mayar da shi WPA2 zalla, nan take ta shiga. Wannan ya wuce, sai dai ya bar wani tunani a zuciyar Yaya cewa ai an gyara, saura me kuma.

Na zauna da yaron a shagonsa, na ce ya faɗa mini abin da yake faruwa daki-daki, kada ya ce mini kawai "ba ya yi".

Ya ce, "Baffa, shiga yana shiga. Ina sauke gem, ina ganin abokaina a kan layi. Amma in na gayyaci mutum mu buga, sai ya yi ta juyawa, can ya ce an kasa haɗawa. Hirar murya ma ba ma jin juna."

Na ce, "Da kowa, ko da wasu?"

Ya ɗan yi shiru. "Da wasu. Da na Kaduna muna bugawa lafiya lau. Na Hotoro ne ya ƙi, da wani a Gwale."

"Su biyun da me suke hawa intanet?"

"Rautar layi. Mai sim."

A wajena wannan amsar ita ce rabin binciken. Da rashin gudu ne, da kowa zai shafa, ba zai zaɓi abokai ba. Da sabar kamfanin gem ce, wato babbar kwamfutarsa da masu wasa suke haɗuwa a kai, ta faɗi, da na Kaduna ma ba za su buga ba. Matsalar da take barin wani ta hana wani, ta bar saukewa ta hana gayyata, alama ce ta cewa fita daga gidan a buɗe take, shigowa ce aka toshe. Muka shiga saitin na'urar muka yi gwajin intanet ɗin da take da shi. Samun adireshi ya yi, haɗuwa da intanet ya yi, shiga PlayStation Network ya yi, gudun saukewa ya fi abin da kowane wasa yake bukata nesa ba kusa ba. A layi na huɗu aka rubuta NAT Type 3. Na tambaye shi ko ya san abin da yake nunawa a da. Ya ce 2 ne, ya tabbata.

Dole a ɗan tsaya a kan NAT, domin wanda bai fahimce shi ba zai yi ta taɓa saiti a makance. Tsarin adireshin intanet da aka fi amfani da shi, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, kuma tun ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga cibiyoyin yankuna biyar na duniya, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka. Tun kafin nan an ga ƙarancin yana tafe, shi ya sa a 1994 aka ware wasu jerin adireshi don amfanin cikin gida kawai: waɗanda suka fara da 10, waɗanda suke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Waɗannan ba sa yawo a intanet, kowane gida yana iya maimaita su. Gida yana samun adireshin waje guda ɗaya, rauta kuma ta raba na cikin gida ga wayoyi da kwamfutoci, tana fassara tsakanin biyun. Fassarar nan ita ce NAT.

Aikin rauta a nan tamkar na mai gadin gida ne mai riƙe da littafi. Duk wanda ya aika saƙo waje daga cikin gida, mai gadi ya rubuta: ɗaki kaza ya aika wuri kaza. In amsa ta dawo, ya duba littafi ya miƙa ta ɗakin da ya dace. Amma in baƙo ya zo da kansa ba wanda ya aika a kira shi, babu sunansa a littafi, mai gadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Kallon bidiyo, karanta labarai, sauke gem, duk aike ne daga ciki da amsa daga waje, shi ya sa ba su taɓa samun matsala ba. Wasanni da dama kuwa, GTA Online alal misali, suna haɗa na'urar wannan da ta wancan kai tsaye, don haka tilas ɗaya daga cikinsu ya karɓi baƙo.

Hanyoyin da na'urori suke bi su shawo kan wannan biyu ne. Ta farko UPnP: na'urar wasa ta gaya wa rauta cewa duk saƙon da ya zo ta ƙofa mai lamba kaza nawa ne, ki bar shi ya shigo. Ta biyu, kowace na'ura ta tuntuɓi wata saba a waje ta ji da wane adireshi da wace lambar ƙofa duniya take ganinta, sannan su biyun su aika wa juna saƙo lokaci guda, kowace rauta ta ɗauka amsa ce ta shigo. Dabarar tana aiki idan rauta tana riƙe lambar ƙofa ɗaya ga na'ura ko da wa take magana. Idan tana canza lamba ga kowane sabon abokin magana, ko kuma akwai wani shinge a gaba, sai dabarar ta rushe. Type 1 a wajen Sony yana nufin na'ura tana kan intanet kai tsaye, Type 2 tana bayan rauta amma ana iya iso gare ta, Type 3 tana bayan shingen da yake taƙaita ta. A Xbox na Microsoft akwai makamancin wannan rabo, Open, Moderate da Strict, ko da yake mai Type 2 da ƙofarsa take a buɗe tamkar Open yake, kuma Microsoft ya faɗa a fili cewa mai Strict da mai Open kaɗai yake iya haɗuwa. Abokan nan biyu masu rautar sim dama can ƙofarsu a rufe take, suna bugawa da yaronmu ne saboda tasa a buɗe take, su suke shigo masa. Da tasa ta rufe, sai aka rasa mai karɓar wani.

Kafin in zo yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ban ga laifinsa ba, abin da bidiyoyin intanet suke koyarwa ya bi. Ya canza DNS zuwa 8.8.8.8 na Google, daga baya zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare. Aikin DNS shi ne mayar da suna ya zama adireshi a farkon haɗuwa, da zarar an samu adireshin aikinsa ya ƙare, ba shi da hannu a buɗe ƙofa ko rufe ta. Ya rage MTU daga 1500 zuwa 1473, lambar da take yawo a tsakanin masu gem. MTU girman ƙunshin saƙo ne mafi girma da hanya take ɗauka, yana da ranarsa idan shafuka suna maƙalewa rabi da rabi, amma shi ma ba ruwansa da Type 3. Na uku ne ya fi kusa da gaskiya: ya shiga sabuwar rautar ya buɗe ƙofofin da Sony ya lissafa, TCP 80, 443, 3478, 3479 da 3480, da UDP 3478 da 3479, ya nuna su ga adireshin na'urarsa. Daidai ya rubuta su. Abu biyu ne suka ɓata aikin. Bai ɗaure wa na'urar adireshi ɗaya ba, don haka da aka ɗauke wuta aka dawo da ita rauta ta ba ta wani daban, ƙofofin suka koma suna kallon wayar wani. Ko da ma ya ɗaure, da ba zai yi ba, saboda dalilin da muka gano bayan nan.

Abin da na fara yi shi ne mayar da komai yadda yake: DNS da MTU su koma kan zaɓin na'ura, ƙofofin da ya buɗe a goge. Ba a bincike a kan tarin canje-canje, don ko an dace ba za a san wanne ne ya yi maganin ba. Sannan na buɗe shafin rautar a kwamfuta ta 192.168.0.1, na nufi wuri ɗaya tak, inda take nuna adireshin da ta samu ta ramin WAN. An rubuta 192.168.1.4. Adireshin cikin gida ne. Rautar da take fuskantar intanet da gaske ba ta samun irin wannan a ɓangarenta na waje. Ke nan akwai wata rauta a gabanta da ta ba ta shi, kuma babu wani abu a gabanta sai farin akwatin falo. Na tabbatar da umarnin tracert, mai nuna zangunan da saƙo yake bi, zuwa 8.8.8.8: zangon farko 192.168.0.1, na biyu 192.168.1.1, sai a na uku saƙon ya bar gidan. Akwatin da kowa yake ɗauka mahaɗar faiba ce kawai, shi ma cikakkiyar rauta ce mai nata NAT.

Saura tambaya ɗaya: to me ya sa tsohuwar rautar ba ta kawo wannan ba, alhali a wuri ɗaya take, da kebul ɗaya? Na ce a nemo mini ita. Aka ciro ta daga cikin sito, har yanzu tana warin ƙonewa. Da na juya bayanta, ramukan LAN huɗu, wato na jona na'urorin cikin gida, a buɗe, na farkon ya ɗan goge saboda daɗewar kebul a ciki, ramin WAN kuwa an liƙe shi da baƙin salatif wanda ya bushe har gefensa ya fara ɗagowa. Wanda ya haɗa musu tun farko ya san aikinsa. Ya kashe mata rabon adireshi, ya sa kebul a LAN, ya toshe WAN don kada wani ya yi kuskure, ya mayar da ita mai yaɗa waifai kawai. Mai gadi ɗaya ne a gidan duk tsawon lokacin. Sabuwar da aka haɗa bisa hoton kwali ta zama na biyu. PlayStation tana roƙon na ciki ya buɗe mata ƙofa, ya buɗe, amma na bakin titi bai san an yi ba, domin saƙon UPnP ba ya tsallake rautar farko. Baƙo yana isowa ƙofar waje ake mayar da shi.

Ina ganin ya kamata duk mai haɗa wa mutane intanet ya bar takarda a jikin bango ko bayan akwati: wace na'ura ce take rabon adireshi, kebul a wane rami yake, me aka kashe. Salatif ɗin nan ya yi aikinsa muddin rautar tana raye, amma ilimin ya tafi sito tare da ita.

Mafita uku ce ga NAT mai hawa biyu. Ko a mayar da sabuwar rauta mai yaɗa waifai kawai kamar tsohuwar, ko a mayar da akwatin kamfani gada kawai ya bar wa sabuwar duk aikin, ko a bar su biyun amma a sa akwatin ya tura duk abin da ya shigo zuwa ga sabuwar ta hanyar saitin DMZ. Na fara da ta farko saboda ita ce mafi sauri kuma ba ta bukatar izinin kowa. Yawancin rautocin yanzu suna da zaɓin Access Point, wato mai yaɗa waifai kawai, a cikin saiti. Na zaɓa, ta kashe kanta ta tashi, na kashe PlayStation gaba ɗaya na kunna don ta karɓi sabon adireshi, wannan karon mai farawa da 192.168.1. Gwaji ya nuna Type 2. Yaron ya kira na Hotoro a waya ya ce ya hau, ya tura masa gayyata, sai ga muryarsa a lasifikar kai tun kafin a fara wasa. Ganewar ta tabbata.

Da gidan wani ne, da a nan zan tsaya, kuma ga mafi yawan gidaje nan ne ya dace a tsaya. Amma da daddare Yaya ya kira ni.

"Malam, me ka yi wa rautar nan? Wurin da nake saita wa yara lokaci ya ɓace."

Ashe babban dalilin da ya sa ya zaɓi wannan rautar a kasuwa shi ne tana iya yanke wa wayoyin ƙananan yara intanet da ƙarfe goma na dare. Irin wannan iko, da na rabon gudu tsakanin na'urori, yana hannun rautar da take tsaye a ƙofar fita ne. Da ta koma mai yaɗa waifai, ikon ya koma ga akwatin kamfani, shi kuma ba shi da waɗannan saitoci. Bukatar uban gaskiya ce kamar yadda ta ɗan take gaskiya, kuma gyaran da ya biya ɗaya ya zubar da ɗaya bai cika ba.

DMZ zai iya haɗa bukatun biyu, amma ban so shi ba a nan. Hawa biyun suna nan, an dai buɗe na wajen ne, kuma wasu rautoci suna ƙin yin UPnP idan suka ga adireshinsu na WAN na cikin gida ne, sai a koma buɗe ƙofofi da hannu ga kowane sabon wasa. Don haka muka bi hanya ta biyu. Yaya ya kira kamfanin, tunda asusun da sunansa yake, ya nemi a mayar da akwatin kan Bridge, wato gada, a kuma ba shi suna da kalmar sirrin PPPoE, tsarin da rauta take shiga layin kamfani da shi. Daga ofishinsu suka canza saitin ba tare da sun zo ba. Ba kowane kamfani ne yake yarda ba, wasu kuma sai an haɗa da wata lambar layi da ake kira VLAN, don haka a tambaya tun a kiran farko. Muka mayar da rautar kan aikinta na asali, kebul ya koma shuɗin rami, muka zaɓi PPPoE muka shigar da bayanan. PPPoE yana cin bayit 8 daga kowane ƙunshi, shi ya sa MTU ɗin rautar ya zama 1492, ita take kula da wannan, ba sai an taɓa na PlayStation ba. Adireshin WAN ya fito ba mai 192.168 ba, na kuma gwada shi da wanda shafukan duba adireshi suke nunawa, suka zo ɗaya. Na kunna UPnP, na ɗaure wa PlayStation adireshi ɗaya da lambarta ta MAC, wato lambar shaidar da take zuwa da ita daga masana'anta. Type 2 ya dawo, saitin lokacin yara ma ya dawo.

Tunda yanzu rautar ce take fuskantar duniya kai tsaye, ban bar gidan ba sai da aka canza kalmar sirrin shiga saitinta, aka kashe damar sarrafa ta daga waje, aka sabunta manhajar cikinta. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2016 mugunyar manhajar Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai. UPnP ma yana da nasa haɗarin, don yana amsa wa kowace na'ura da ke cikin gida ba tambaya. A gida irin wannan na yarda da shi, a ofis ko wurin da baƙi suke hawa waifai ba zan bar shi a kunne ba. Kuma kada wanda ya ji an ambaci DMZ ya je ya nuna shi ga kwamfuta ko na'urar ajiyar hotunan kyamara.

Bayan kwanaki yaron ya dawo da wani ƙorafin, kuma a nan ne mutane da yawa suke rikicewa su ɗauka gyaran farko bai yi ba. Gayyata tana shiga, murya tana fita, amma da daddare wasan yana fizga: ɗan wasa ya tsaya cak, sai kuma a gan shi can gaba. Wannan ciwo ne daban. NAT yana yanke hukuncin ko za a haɗu ko ba za a haɗu ba. Fizga kuwa daga jinkiri take zuwa, musamman jinkirin da ba ya tsayawa a lamba ɗaya, da kuma ɓatan ƙunshin saƙo a hanya. Wasa kansa ɗan abu kaɗan yake aikawa, sau da yawa bai kai megabit 1 a sakan ba, amma yana son kowane ƙunshi ya isa a kan kari.

Na ajiye kwamfuta kusa da na'urar a kan waifai mai zangon mita 2.4 GHz, wanda shi kaɗai samfurin 2013 yake gani, sai samfuran Slim da Pro na 2016 ne suka zo da mita 5 GHz. Na buɗe taga biyu, ɗaya tana ping, wato auna lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, zuwa rautar gidan, ɗaya zuwa 8.8.8.8. Hikimar ita ce a raba hanya biyu: in ta farko tana tsalle, matsalar tana tsakanin shago da baranda, in ta farko a natse take ta biyu ce take tsalle, matsalar tana daga rauta zuwa waje. Muka tarar da duka biyun. Ta rautar, wadda ya kamata ta tsaya a 'yan milisakan kaɗan, tana zabura ta haura ɗari lokaci zuwa lokaci. Mita 2.4 tasha uku kawai take da su da ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11, kuma a unguwa mai cunkoson gidaje kowa da rautarsa da daddare duk a cike suke, ga bangon siminti biyu a tsakani. Ban ɓata lokaci wajen sauya tasha ba. Kebul ɗin Cat5e yana ɗaukar har mita 100 ba tare da matsala ba, tazarar baranda da shago ba ta kai kusa da haka ba, kuma kuɗinsa bai kai na wata ɗaya na ƙarin gudun da Yaya ya so biya ba. Aka ja shi ta gefen bango. Jinkirin zuwa rauta ya zauna a milisakan 1.

Tsallen taga ta biyu bai tafi ba, sai dai yanzu ya fito fili, yana zuwa yana wucewa. Muka zauna muna kallo har muka kama shi: duk lokacin da aka jona wata waya a caji a cikin gida, sai ta fara ɗora bidiyoyin biki zuwa ma'ajiyarta ta intanet, hanyar ɗorawa ta cika, ƙananan saƙonnin wasa su shiga dogon layi a bayan manyan ƙunshin bidiyo. Maganinsa yana cikin rautar da muka sha wahalar mayarwa bakin ƙofa. A saitin QoS, mai tsara wanda za a fifita a kan layi, na rubuta mata gudun da ya ɗan gaza wanda muka auna, kamar kashi 90 cikin 100, don layin ya riƙa taruwa a hannunta inda za ta iya tsara shi, na kuma ba PlayStation fifiko. Bidiyon biki yana tafiya, jinkirin wasa ya daina zabura. Da mun tsaya a kan Access Point, da wannan gyaran bai yiwu ba.

Akwai ragowar jinkirin da na gaya wa yaron ya daina nema masa magani a saiti. Haske a cikin zaren faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, wato kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Kebul ɗin MainOne da ya fara aiki a 2010 yana da tsawon kusan kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Ta wannan hanyar an riga an ci milisakan 80 kafin a lissafa na'urorin da ke kan hanya da sauran tafiyar zuwa inda sabar take a Turai. Wanda yake bugawa daga Kano a sabar Turai ya ga lamba sama da 100 a tsaye ba ta rawa, layinsa lafiya yake. Wani lokacin kuma abin ya fi ƙarfin gida da kamfanin gida baki ɗaya, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. A irin wannan rana tambayar maƙwabci ta fi taɓa rauta amfani.

Na Hotoro da ya ji labari ya kawo tasa rautar mai sim, yana fatan a yi masa irin wannan. Dubawa ɗaya ce dai: adireshin WAN. Nasa ya fara da 100, kuma lambar da ke biye tana tsakanin 64 da 127. Wannan jerin, daga 100.64 zuwa 100.127, an ware shi ne a 2012 don kamfanonin sadarwa su raba wa kwastomomi da yawa adireshin waje guda, abin da ake kira CGNAT. Wasu kamfanonin masu farawa da 10 suke bayarwa, ma'anar ɗaya ce. Shi ma NAT mai hawa biyu yake ciki, bambancin shi ne hawan waje ba a falonsa yake ba, yana cikin cibiyar kamfani, kuma ba kalmar sirrin da za ta kai shi can. Haka tsarin yake a yawancin layukan waya, haka ma Starlink a tsarinsa na gida. Na gaya masa kada ya sayi wata rauta, kada ya biya kowa kuɗin buɗe ƙofofi, don duk abin da aka buɗe a gidansa a gidansa zai tsaya. Abin da ya rage masa shi ne ya tambayi kamfaninsa ko suna sayar da adireshin waje na mutum shi kaɗai, wanda galibi a tsarin 'yan kasuwa ake samunsa da ƙarin kuɗi, ko ya jira IPv6, sabon tsarin adireshi da ba shi da wannan ƙaranci, wanda ba ya amfani sai kamfani da rauta da wasan duk sun iya shi. Kafin nan, yana iya bugawa da duk wanda ƙofarsa take a buɗe, kuma ya fi kyau wancan ɗin ya zama mai buɗe wasa ya gayyace shi. Tsakaninsa da na Gwale kuwa, su biyu kaɗai, har yanzu sai a wasannin da kowa yake haɗuwa a sabar kamfani.